Bibiyar mai shan maganin kanjamau: ta waya ko zuwa asibiti?

Mutanenmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi da yawa sun fi son nas ta kira su ko ta turo saƙon tes, kuma ni dai ban ga laifinsu ba. Zuwa asibitin Komfo Anokye ka biya kuɗin trotro (motar haya), ka rufe shago, ka zauna layi tun safe kana sunkuyar da kai kar wata maƙwabciya ta hango ka a ɓangaren masu karɓar magani, kafin la'asar labari ya zaga zango. Waya kam kana ɗakinka a tambaye ka ya jiki, a tuna maka ranar karɓar magani, shi ke nan.

Amma fa wayar ma ba sirri gare ta ba. Gida nawa ne waya ɗaya miji ya ɗauka, yara su buga gem, ƙanwa ta shiga WhatsApp? Tes ɗaya mai sunan maganin ya isa ya tada rigimar aure. Ga tsofaffin da ba sa karanta Turanci, gara a kira su da Hausa ko Tuwi.

Sannan awon jini na ganin yawan ƙwayar cutar ba ya yiwuwa ta waya, wannan dole ƙafarka ta taka asibiti. Ni zan zaɓi kira, a lokacin da mara lafiya ya zaɓa da kansa.