Gargaɗi ga masu shafin intanet: ku yi hattara da masu cewa "satifiket ɗinku ya kusa mutuwa"

Masu makarantu, asibitocin kuɗi, ƙungiyoyi da shagunan da ke da shafin intanet, wannan naku ne. Akwai wata damfara da ta ci wani dattijo abokin mahaifina, mai makarantar sakandare, wanda nake kira Baba. Da izininsa nake ba da labarin, amma sunan makarantar zan bar shi a cikina.

Ana cikin hutu, saura kamar wata guda ɗalibai su dawo, saƙo ya shigo masa ta WhatsApp daga wata lamba mai tambarin garkuwa da kwaɗo. Sun rubuta sunan shafin makarantar daidai. Sun rubuta ranar da takardar shaidar tsaron shafin, wato satifiket ɗin SSL, za ta ƙare, har da awa da minti: saura kwana 33. Suka ce na'urarsu ta sa ido ce ta gano, kuma idan ba a yi wani abu ba Google zai rufe shafin daidai lokacin biyan kuɗin zango. Maganin a wurinsu yake: satifiket na shekara biyar, haɗe da "sa ido dare da rana", a kan naira dubu ɗari da tamanin.

Baba ba mutumin banza ba ne, bai tura kuɗi nan take ba. Ya kira malamin kwamfuta na makarantar ya ce ya duba. Malamin ya buɗe shafin, ya duba satifiket ɗin, ya ga ranar da suka faɗa ita ce. Shi ke nan, zance ya zauna, Baba ya tura kuɗin. Yaron da ya gina shafin ya daɗe da barin garin, kalmar sirrin sabar kuwa, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, tana rubuce a bayan wata tsohuwar dayari a cikin durowar Baba. Suka ce suna buƙatarta don su ɗora manhajar sa ido. Ya ɗauki hoton shafin dayarin ya tura musu.

Sun ba shi adireshin wani allo mai kyan gani, kore shar, da sunan makarantarsa a sama. Kullum bayan sallar asuba sai ya buɗe ya ga kore, hankalinsa ya kwanta.

Ranar da kwana 33 suka cika, iyaye suka fara kira: shafin yana nuna jan gargaɗi, waya ta ƙi shiga. Allon nasu kuma yana nan kore. Da ya kira su, sai suka ce ai hari aka kawo daga ƙasar waje, sai ya ƙara kuɗi a ɗaga shi zuwa babban tsari. A nan ne jikinsa ya ba shi, ya kira ni. "Ɗana, zo ka duba mini abin nan, na ga kamar na bai wa kura ajiyar nama."

Abin da na tarar ya fi abin da yake zato muni. Satifiket ɗin makarantar tun asali na Let's Encrypt ne, ƙungiyar da ke ba da satifiket kyauta, kuma akwai manhajar Certbot a kan sabar da ke sabunta shi da kanta idan ya rage kwana 30. Wato da Baba ya yi banza da saƙon nan, bayan kwana uku kacal satifiket ɗin zai sabunta kansa ba tare da ko sisi ba. Da suka shiga, abin da suka fara yi shi ne kashe wannan sabuntawar, don annabcinsu ya tabbata. Sannan suka buɗe wa kansu wani sabon asusun shiga, suka ajiye mabuɗinsu a ciki, ta yadda ko an canja kalmar sirri suna da tasu ƙofar. A shafin biyan kuɗin makaranta kuma an canja lambar asusun banki. Iyaye uku sun riga sun tura kuɗinsu can, suna riƙe da rasit, ma'ajin makaranta yana ta jiran alat ɗin da ba zai zo ba. Allon koren nan kuwa, da na leƙa cikinsa, hoto ne kawai da aka manna. Ko an cire sabar daga wuta kore zai nuna.

To ga abin da nake so kowa ya riƙe, domin duk damfarar a kansa take tsaye. Ranar ƙarewar satifiket ba sirri ba ce. Duk wanda ya buɗe shafinka sabarka da kanta take miƙa masa satifiket ɗin, da ranar farawa da ranar ƙarewa a jiki, don haka aka yi shi. Ka danna alamar da ke gefen adireshi a burauza za ka gani (a Chrome an daina sa kwaɗo tun 2023, wata 'yar alama ce mai layi biyu). Bayan haka, satifiket ɗin da manyan burauzoji ke yarda da shi ana rubuta shi a rajista ta fili, kuma akwai shafi mai suna crt.sh da kowa zai rubuta sunan shafinka ya ga jerin waɗanda aka taɓa ba ka da ranakunsu. Ɗan damfara yana kwance a kan katifa zai iya tara sunayen makarantu ɗari da ranakunsu kafin la'asar. Sanin ranar ba ya nuna yana da wata alaƙa da kai, kamar yadda karanta lambar motarka ba ya mai da mutum bakanikenka.

Daga nan kuma sai magana ta biyu ta fito da kanta: tunda daga waje ake ganin ranar, sa ido a kanta ba ya buƙatar kalmar sirrin kowa. Manhajojin da ma'aikatan saba ke amfani da su da gaske, irin su Zabbix, Nagios, Prometheus da Uptime Kuma, abin da suke yi shi ne su ƙwanƙwasa ƙofa ta 443, wadda burauza ke bi ta shiga shafi mai tsaro, kamar kowane baƙo, su karanta ranar, su lissafa kwanakin da suka rage, idan sun yi ƙasa da adadin da ka sa musu su turo maka saƙo ta imel ko Telegram. Sunan shafin kawai suke buƙata. Duk huɗun ana samun su kyauta. E, akwai sa ido irin na cikin saba, kamar cikar faifai ko nauyin aiki, wanda sai an ɗora wani abu a ciki, amma wannan aikin ma'aikacinka ne da ka san fuskarsa da gidansu, ba na lambar da ta faɗo maka daga sama ba.

Zancen shekara biyar kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Tun 1 ga Satumba 2020 burauzoji suka daina karɓar sabon satifiket da ya wuce kwana 398. A Afrilun 2025 kuma dandalin kamfanonin ba da satifiket da masu burauza ya amince a riƙa rage wa'adin mataki-mataki: kwana 200 daga 15 ga Maris 2026, kwana 100 daga Maris 2027, kwana 47 daga Maris 2029. Akwai kamfanonin gaskiya da ke karɓar kuɗin shekaru da yawa a dunƙule, amma su ma dole su riƙa fitar da sabo kafin kowane wa'adi ya cika. Wanda ya ce zai sa maka guda ɗaya ka manta da shi shekara biyar, ko "na har abada", ko bai san aikin ba ko ya san abin da yake yi maka.

Wasu ta imel suke zuwa, da sunan Let's Encrypt da tambarinsu, da maɓallin "biya yanzu". Let's Encrypt ba ta sayar da satifiket, ba ta taɓa sayarwa ba, kuma tun 4 ga Yuni 2025 ta daina ma tura imel ɗin tunatarwa gaba ɗaya. Ina zargin wannan giɓin ne ya ƙara wa 'yan damfara ƙarfin gwiwa, don mutane da yawa da wancan imel ɗin suka dogara. Kuma kada a haɗa satifiket da sunan shafi: sabunta suna irin mai .ng ko .com kuɗi ne na daban da ake biya wurin kamfanin da aka yi rajista da shi. Su kan cakuɗa biyun da gangan don mutum ya rikice.

Ban ce mutuwar satifiket wasa ba ce. A Disamban 2018 wani satifiket da ya ƙare a manhajar Ericsson ya katse intanet ɗin wayar masu layin O2 a Birtaniya da SoftBank a Japan, a Fabrairun 2020 kuma Microsoft Teams ya tsaya na sa'o'i saboda irin wannan mantuwar. Tsoron gaskiya ne, shi ya sa yake sayuwa. Amma Google ba ya rufe shafin kowa. Gargaɗi burauza ke nunawa, da an sabunta kuma ya ɓace, aikin mintuna.

Idan saƙon ya zo maka, kada ka danna komai a cikinsa. Kira wanda ya gina maka shafin, ko ka shiga wurin kamfanin da ke ba ka masaukin shafi ta adireshin da ka saba bi, ka tambaye su abu ɗaya: satifiket ɗina yana sabunta kansa? Idan kuma ka riga ka ba da kalmar sirri, canja ta kaɗai bai isa ba. A duba asusun shiga da mabuɗan da aka ƙara, a duba ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu, a karanta lambar asusun bankin da ke shafin lamba bayan lamba. Ka sanar da bankinka nan take, ka adana saƙonnin da rasit, ka kai ƙorafi wurin EFCC ko sashen 'yan sanda na laifukan intanet.

Mu dai sabar Baba ban yarda da ita ba kuma, sabuwa muka tayar muka kwashe bayanan ɗalibai daga ajiyar da aka yi kafin hutu. Na sa Uptime Kuma a wata saba daban, yana turo saƙo wayata da ta malamin kwamfuta idan kwanakin sun yi ƙasa da 21. Kuɗin iyayen nan uku Baba ya yafe musu ya ɗauki asarar, dubu ɗari da tamanin ɗinsa kuma har yau ana bin sawu. Shafin dayarin nan ni na yage shi da hannuna a ofishinsa.