Furosija ko fankishin: wanne ya dace da manhajar shago?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa wa wani shago manhajar ciniki, kana tambaya ko furosija za ka rubuta ko fankishin, tunda duka biyun jerin umarni ne da ake ajiyewa a cikin rumbun bayanai (stored procedure da function a Turance). Gidansu ɗaya, amma kowa da aikinsa.

Fankishin tambayarsa ake yi, ya ba da amsa. Ka miƙa masa farashin kaya, ya dawo maka da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, kuma kana iya saka shi tsakiyar SELECT (umarnin ɗauko bayanai) ko WHERE (sharaɗin tace su). Ita furosija aikenta ake yi. Da CALL ake kiranta a rumbunan bayanai na MySQL da PostgreSQL, da EXEC a na SQL Server. Ba ta shiga cikin SELECT, amma tana da ikon COMMIT (tabbatar da canje-canjen da aka yi) da ROLLBACK (soke su).

Wannan ikon shi ya shafi shagonka. Mutum ya ɗauki buhun shinkafa bashi: sai an rage buhu ɗaya a teburin kaya, an rubuta cinikin, an ɗora kuɗin a kan bashinsa. Idan wuta ta ɗauke bayan mataki na biyu fa? Buhu ya fita, bashi bai hau kan kowa ba, ƙarshen wata kuma yaron shago za a zarga da abin da bai yi ba. Ka haɗa matakan uku a furosija ɗaya, COMMIT ya zo a ƙarshe. Ko su shiga tare, ko kada ɗaya ya shiga.

Ka kuma duba rumbun da kake aiki da shi. SQL Server ba ya barin fankishin ya canza komai a teburorinka. PostgreSQL yana bari, COMMIT kawai ya hana. Can ma sai a siga ta 11, a 2018, CREATE PROCEDURE, umarnin ƙirƙirar furosija, ya shigo, shi ya sa tsofaffin darussansa duk fankishin ne.

Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne fankishin da ke zuwa wani tebur neman amsa. Idan rahoto yana da layi 100,000, ana iya kiransa sau 100,000, kana zaune kana kallon allo har shayinka ya huce. SQL Server 2019 ya rage matsalar ga wasu irinsu, amma JOIN, wato haɗa teburorin a tambaya ɗaya, ya fi kwanciyar hankali.

Saboda haka lissafin haraji da ragin farashi ka bar wa fankishin. Sayarwa, biyan bashi da mayar da kaya, furosija.