Saitin LM317 na haɗa da kanka: bolum ɗinsa ya ci mini IC

Duk mai taɓa kayan lantarki ya san wannan saitin da ake turowa a leda: ƙaramar taransifoma, LM317 guda (IC mai daidaita ƙarfin wuta), mita mai jajayen lambobi, fanel, da akwatin roba mai kama da gilashi da ake ɗaurewa da noti. A talla an ce yana ba da 1.25V zuwa 12V. Na saye shi don ya zauna kan teburi yana ba allon gwaji wuta, a huta da sayen batir. Haɗinsa ba wuya, zanen da ke kan fanel ya fito sarai, kuma ya tashi tun kunnawar farko. Da a nan na tsaya na yi sharhi, da yabo kawai za ku karanta.

Bolum ɗin da ake murɗawa a saita wuta shi ya ɓata komai. An saita 5V, an tabbatar da maltimita, ga ATmega328P, IC mai sarrafa umarni kamar ƙaramar kwamfuta, a allon gwaji da LED biyu. Mitar akwatin ta koma 4.9, na kai hannu don in mayar da ita 5.0. Taɓawa ce kawai, ko murɗawa ban soma ba. LED suka yi wani haske farat ɗaya, IC ta ɗauki zafin da yatsa ba zai jure ba, shi ke nan ta tafi. Mitar kuwa ba ta nuna komai ba a lokacin, sai daga baya lambobinta suka faɗi saboda matacciyar IC ɗin tana zuƙar wuta.

Ga abin da ya faru. Aikin LM317 ɗaya ne tak: yana riƙe 1.25V tsakanin ƙafar OUT, inda wuta ke fita, da ƙafar ADJ, ta saitawa. A wannan fanel akwai rizista 240Ω tsakanin ƙafafun biyu, don haka kusan 5.2mA ke bi ta cikinta kullum, ta gangara ta bolum zuwa nagatif. Wutar da ke fita ita ce 1.25 × (1 + R2/R1), inda R1 take 240Ω, R2 kuma bolum. Idan bolum yana kan 720Ω ka sami 5V, idan yana kan 390Ω ka sami kusan 3.3V. To, idan hanyar bolum ta yanke fa? Babu sauran abin da ke jan ADJ ƙasa. Sai LM317 ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, duk wutar da ke kan babbar kafasita ta wuce, in ban da ɗan 1.5V zuwa 2V da yake ci.

Yankewar kuwa ba sai waya ta tsinke ba. A cikin bolum akwai ɗan harshen ƙarfe da ke goga hanyar kabon, shi ne ƙafar tsakiya. A mai araha, harshen yakan ɗaga na ƙiftawar ido idan aka taɓa sandar. Wanda ya zana fanel ɗin nan ƙafa biyu kawai ya yi amfani da su, ta tsakiya da ta gefe ɗaya. Ta ukun an liƙe ta a ramin da bai haɗu da komai ba. Kowa zai iya dubawa: juya fanel, bi layin tagulla da ido. Na cire bolum ɗin na sa maltimita a awon om tsakanin ƙafar tsakiya da ta gefe, ina murɗawa a hankali, sai ga lamba tana tsalle zuwa OL, alamar hanya ta yanke, a wurare da dama, mafi muni daidai wajen 700Ω, wato inda 5V yake. Da na mayar da shi na sa rizista 1kΩ a madadin lodi, osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo, ya nuna wuta tana haurawa kusan 16V na 'yan milisakan kafin ta dawo. Takardar bayanan ATmega328P ta ce iyakar abin da za ta ɗauka 6V ne. ESP8266, IC mai Wi-Fi, ma ko maganarsa ba a yi, 3.6V ne ƙarshensa.

Kada wani ya ce ai taransifomar ƙarama ce, ba ta da ƙarfin ƙona komai. Wutar da ta yi ɓarnar ba daga gare ta ta fito kai tsaye ba, daga kafasita 1000µF da ke cike ta fito, kuma LM317 ba ya soma hana kwarara sai an doshi 2A. Ita mitar LED sau biyu ko uku take sabunta lamba a sakan, ina za ta ga abin da ya zo ya wuce a milisakan?

Abin haushin ma bai tsaya nan ba. Bolum ɗin 5kΩ ne. Sa shi a lissafi: 1.25 × (1 + 5000/240) ya haura 27V, a na'urar da duk abin da ke shiga LM317 bai wuce 18V ba. Don a kai 12V, 2.06kΩ kawai ake buƙata. Ke nan fiye da rabin murɗawar banza ce. Tsakanin 3.3V da 5V kuwa, inda yawancinmu muke aiki, 330Ω ne kacal, kusan digiri 20 cikin 300 da sandar ke juyawa. Shi ya sa kake ta fama da hannu kana neman 5.0, shi ya sa kuma kake yawan taɓa abin da bai kamata a yawaita taɓa shi ba.

Laifin ba na LM317 ba ne. Tun 1976 Robert Dobkin ya zana shi a National Semiconductor, kuma har yau yana yin daidai abin da takardarsa ta ce. Wanda ya kewaye shi da kaya ne ya yi ha'inci.

Gyara na farko da kowa ke faɗa shi ne a haɗa ƙafar tsakiya da waccan ƙafar da aka bari da guntun waya. A yi shi, minti ɗaya ne. Amma shi kaɗai ba ya ceton komai a nan, domin idan harshe ya ɗaga, R2 zai koma 5kΩ, wuta ta sake tafiya ƙarshe. Ko ka canza zuwa 2kΩ, tsallen zai tsaya a kusan 11.8V ne, wanda shi ma ya ishi IC mai cin 5V mutuwa.

Abin da ya yi mini aiki shi ne sa rufi. Nemi makunni mai matsayi uku, ON-OFF-ON. Ƙafarsa ta tsakiya ta tafi ADJ. Gefe ɗaya rizista 820Ω zuwa nagatif, ɗaya gefen 430Ω zuwa nagatif, duka masu kuskuren da bai wuce 1% ba. Idan ka zaɓi 820Ω, ita da bolum 5kΩ a jere gefe da gefe suna ba da 704Ω, wato murɗawa zuwa ƙarshe tana tsayawa a kusan 4.95V. Bolum ya yanke gaba ɗaya ma, 5.56V ne iyaka, ƙasa da 6V ɗin nan. Idan ka zaɓi 430Ω, ƙarshen murɗawa 3.33V ne, mafi munin hali kuma 3.51V. Matsayin tsakiya ya bar maka cikakken zango. Sai dai ka cire lodi kafin ka sauya makunnin, saboda tsakanin gefe da gefe yana ratsa OFF, a nan kuwa babu rufi. Wayoyin su zama gajeru, liƙin ya zama mai ƙyalli, don yanzu su ne masu tsaron gidan.

Ƙara kafasita 10µF daga ADJ zuwa nagatif, fozitif ɗinta a ADJ. Takardar bayanai ta kawo ta ne don rage gurnanin wuta, daga kusan 65dB zuwa 80dB, amma tana da wani amfani a nan: 5.2mA tana cika 10µF da saurin kusan rabin bolt a milisakan, don haka gajeriyar yankewa ba ta samun lokacin hawa sama. Idan ka sa ta, dole ka sa dayod 1N4007 daga ADJ zuwa OUT, zoben jikinsa yana kallon OUT, da wani daga OUT zuwa IN, zoben yana kallon IN. Fanel ɗin bai tanadi ramin ko ɗaya ba, a bayansa ake liƙawa. A tuna jerin ƙafafun idan rubutun IC na kallonka, ƙafafu a ƙasa: ADJ, OUT, IN daga hagu. Ba irin na 7805, IC mai ba da 5V tsayayye, ba ne, kuma nan mutane da yawa suke tuntuɓe.

Bayan wannan aikin, gaskiya raina ya yi sanyi. A 5V da lodin 100mA wutar tsaf take, layi miƙe a osiloskof, ba irin ƙazantar ƙananan modul masu sauya wuta da sauri ba. Ga mai gwada amfilifaya ko da'irar rediyo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har na fara cewa saitin ya cancanci kuɗinsa.

Sai na murɗa zuwa 12V na sa lodi.

Taransifomar nan ba ta fi akwatin ashana girma ba sosai, kuma 1.5A da ke cikin talla daga takardar LM317 aka kwafo shi, ba daga abin da ke cikin leda ba. Ba lodi, na auna kusan 18V a kan babbar kafasita. A 200mA ya sauka zuwa wajen 13V, taransifoma ta soma ɗumi. Ƙara da hawa da saukar wutar: a layin 50Hz, I/(2fC) na ba da 0.2/(100 × 0.001), wato 2V. Ke nan ƙarshen saukar yana wajen 12V, LM317 kuma yana son 2V zuwa 3V a samansa kafin ya riƙe da kyau. Cire ka gani. A 200mA abin da za ka samu mai tsabta bai wuce 9V zuwa 10V ba. Wuce nan, gurnanin 100Hz zai bayyana a wutarka alhali mita tana nuna maka lamba kamar lafiya lau. 12V ɗin talla yana nan, amma sai in ba ka jona komai mai nauyi ba.

Kuma ina cikin awon nan ne na karanta jikin kafasitar da kyau: 16V. A layin da ke zama 18V duk lokacin da babu lodi, wato yawancin lokaci. Ba za ta fashe a ranar farko ba, amma kwananta take ƙirgawa. A cire ta tun kafin a liƙa, a sa 2200µF mai 25V. Hawa da saukar zai ragu zuwa ƙasa da 1V. A auna faɗinta tukuna, don murfin akwatin ba shi da sarari sosai.

Zafi shi ma sai an lura. Duk boltin da IC ya rage zafi yake komawa: (13 − 3.3) × 0.2 ya kusa 2W. TO-220, wato irin jikin LM317 ɗin, tsirara yana hawa wajen digiri 50 a kan kowane wat, iyakar cikinsa kuma 125°C. Ɗan ƙarfen sanyayawar da aka sako yana taimakawa, amma ba a haɗo da man shafawa ba, kuma akwatin a rufe yake sai 'yan tsagogi. Shafa man siriri, ɗaure notin sosai. Bayan IC ɗin a haɗe yake da OUT, saboda haka ƙarfen sanyayawar yana ɗauke da wuta. Kada ya taɓa nagatif.

Abin da ba zan yafe ba shi ne ɓangaren wutar gida. Babu fiyus. Makunnin yana bayan taransifoma ne, don haka ko ka kashe, ita tana kan layi muddin fulogi na soket. Wayar ta shigo ta rami kawai, babu abin da ya riƙe ta, fizga ɗaya mahaɗin ya tsinke a cikin akwati, ɗan yatsa biyu daga wayoyin da ke fita zuwa hannunka. Wannan kuma saiti ne da ake tallata wa masu koyo! Wanda ya san aiki ya sa fiyus mai jinkiri T100mA a layin wuta, ya rufe kowane mahaɗi da robar da ke tsukewa da zafi ninki biyu, ya ɗaure wayar daga ciki da igiyar roba yadda ba za ta zamo ba. Mai koyo kuwa, ni dai shawarata ya ajiye taransifomar gefe.

A madadinta a shigo da DC daga adafta rufaffiya mai 15V, ta ramukan nan biyu da aka rubuta AC. Gadar dayod za ta daidaita fozitif da nagatif ko yaya ka jona, ta ci kusan 1.4V, ka rage da 13.6V wanda ba ya sauka da lodi. Hakan zai ba ka har wajen 11V mai kyau. Cajar laftof mai 19V ma tana yi, in dai ka riga ka sa kafasita mai 25V, sai dai zafi zai ƙaru: 5V a 300mA ya kai kusan 3.8W, ɗan ƙarfen nan ba zai ɗauka ba, sai ka nemi babba ka huda masa bayan akwati. Kuma da adafta mai ƙarfi babu sauran raunin taransifoma da ke rage ɓarna idan waya ta haɗu, su 1N4007 na gadar kuwa 1A ne iyakarsu. Sa fiyus 500mA a mashiga kafin gadar.