Fayawol ko afdet ɗin SCADA, ga wanda zan ce ka sa wa kuɗin

Injiniya, tunda ka ce kuɗin da oga ya ware abu ɗaya kawai zai iya saya, ko akwatin fayawol, wato na'urar tsaron netwok, mai tace cusen SQL (dabarar cusa wa databes umarnin ɓarna ta gurbin rubutu) ko lasisin sabon samfurin SCADA ɗinku, manhajar da ke sa ido kan injinanku tana sarrafa su, to ni dai ka biya lasisin ka yi afdet, fayawol ya jira baɗi.

Dalilina shi ne ciwon a cikin manhajar yake. Shafin nan da ake shiga a ciro rahoto, in an rubuta shi da ganganci, duk abin da mutum ya buga a gurbin suna ko lamba haka yake kwasarsa ya liƙa a jikin umarnin da zai aika wa databes, shi kuwa databes bai san wanne ne bayani wanne ne umarni ba, abin da aka miƙa masa shi zai aiwatar. Kuma manyan kamfanoni ma abin bai bar su ba, an samu irin wannan kafar a manhajar Advantech WebAccess a 2014, an samu da yawa a DIAEnergie na Delta a 2022, har a watan Maris na 2024 hukumar tsaron intanet ta CISA da FBI na Amurka suka fitar da gargaɗi ga masu rubuta manhaja cewa su kawar da matsalar tun daga tushe.

A kamfanin abincin kaji da nake kula wa da injina wajen Dakace, wani yaro ɗan ABU da ya zo mana IT ne ya nuna mini, yaro mai natsuwa wallahi. Waƙafin nan na sama guda ɗaya ya sa a gurbin lambar haɗi, ya danna, sai ga allo ya cika da jan rubutu har da sunan teburin da ma'aunin masara da waken suya yake ciki. Da muka duba sai muka tarar manhajar da asusun nan mai suna "sa", wato mai cikakken iko, take shiga SQL Server, manhajar databes ɗin, kuma wanda ya haɗa tun farko ya kunna xp_cmdshell, abin da ke ba databes damar ba wa kwamfuta umarni, ya bar shi a kunne, alhali Microsoft a kashe suke kawo shi tun SQL Server 2005. Ma'ana wanda ya samu shafin nan zai iya sauya ma'aunin haɗi, ya goge tarihin ƙararrawa, har ya ba wa ita kanta kwamfutar umarni. Ranar da aka tsayar da layi don sabis muka ɗora sabon samfurin, shi umarni daban yake aikawa bayani daban, yaron ya sake sa waƙafinsa, abin da ya fito kawai shi ne babu wannan lambar. Har yau ina jin daɗin kuɗin nan, ga shi duk sanda aka gano wata kafa kamfanin yana aiko mana da gyara.

Fayawol ɗin kuwa muna da shi, yana aiki daidai gwargwado, ba zan ce banza ba ne. Amma maigadi ne a bakin get alhali katangar baya a rushe take. Abin da ya biyo ta cikinsa kawai yake gani, laftof ɗin ɗan kwangila da aka jona a suwic ɗin ɗakin kwantirol ko filash ɗin ofareta bai san da su ba. Stuxnet, bairos ɗin kwamfuta da aka gano a 2010, wanda ya lalata injina a Natanz ta Iran, ta filash yake yaɗuwa, sannan ya shiga databes ɗin WinCC, SCADA ɗin Siemens, da fasuwod ɗin da aka dasa a cikin manhajar.

Kafin ma kuɗin su fito akwai abin da za ka yi kyauta: ka raba netwok ɗin injina da na ofis, ka buɗe wa manhajar asusu mai ƙaramin iko, kar fot 1433 (ƙofar SQL Server) ko 502 (ƙofar Modbus, yaren da injina ke magana da shi) ya leƙa intanet don Modbus ba ya tambayar kowa fasuwod, kuma Shodan, shafin binciken na'urorin da ke jone da intanet, irin su yake nemowa. In akwai MiFi da wani ya maƙala don oga ya riƙa kallo daga gida, a cire.

Sai kuma masu sayarwa, dan Allah ka yi hattara. Akwai masu zuwa da filash su ce lasisin har abada ne a rabin kuɗi, kirak ne, wato kwafin sata da aka fasa makullinsa, ba za ka taɓa samun afdet ba kuma ba ka san me aka cusa a ciki ba. Haka masu kawo fayawol na hannu da rajistarsa ta ƙare, wuta na kamawa amma ya daina karɓar sababbin dokokin tacewa. Ka sa a rubuta lasisin da sunan kamfaninku, ka tura lambarsa ga masu manhajar su tabbatar kafin ka biya ko sisi, in mutum ya fara kame-kame ka rabu da shi.

Ka ɗauki bakof na databes da na furojet ɗin gaba ɗaya kafin ku taɓa komai, kuma ka tambaye su wane Windows sabon yake buƙata, don in kwamfutarku har yanzu Windows 7 ce to sai ka sa kuɗin sabuwa a lissafin da za ka kai wa oga.