Hajiya, Millennium Park za ki kai su

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin wurin wasan injina da Millennium Park da kika tambaya don hutun yaran nan na Agusta a Abuja, ni dai Millennium zan ce miki, ba wani kwana-kwana. Duka biyun na kai nawa, kuma ɗaya ne kawai har yau suke labarinsa.

Bara waccan muka sauka gidan ƙanwata a Kubwa. Tun asuba muka ɗora dambun shinkafa da zogale, aka soya kaza guda, aka cika gora biyu da zoɓo, muka naɗe tabarmi muka jefa bayan mota. Wajen goma na safe muna Maitama. Lokacin da muka je ba a karɓi ko kwabo a ƙofa ba, kuma ba wanda ya ce mu bar kular abinci a waje. Damina ta sa ciyawa ta yi kore shar, fili kuwa iya ganinki, don wurin ya kai kadada 32, da rafi ya ratsa ta tsakiya ya raba shi biyu. Gefe ɗaya an gyara shi da hanyar tafiya doguwa da ruwa masu tsartuwa, ɗaya gefen an bar itatuwa yadda Allah ya tsiro da su. Autana, wanda a Tudun Wada ta Zariya ba shi da wurin gudu sai lungunmu, inda kullum nake kwaɓarsa saboda 'yan acaɓa, ya cire takalmi ya miƙo mini ya ruga. Ya yi nisa har ya zama ɗan mitsitsi, ya juyo ya ga ba wanda ya kira shi, ya ƙara gaba. Wallahi Hajiya sai da idona ya kawo ruwa. 'Yan matan suka zana 'yar gala-gala a ƙasa, mazan suka samu wasu yara da ƙwallo, ko yarensu ba ɗaya ba, amma kafin azahar sun raba kansu gida biyu suna ta ihu. Maigida kuwa ya kishingiɗa ƙarƙashin itace, barci ya kwashe shi, abin da ban ga ya yi da rana ba tun da ya fara aiki a Samaru.

Babbar 'yata ce ta tambayi wa ya gina wurin, ƙanwata ta gaya mata Sarauniyar Ingila Elizabeth ce ta buɗe shi a Disambar 2003, zamanin Obasanjo, lokacin da ta zo taron ƙasashen renon Ingila. Da ta koma makaranta shi ta rubuta a insha'in hutu. Daga nan muka wuce Babban Masallacin Ƙasa muka yi azahar, ba nisa. Yaran da suka saba da masallacin Juma'a na ƙofar fada, aikin Babban Gwani, sai ga su ƙarƙashin ƙubba mai ruwan zinare da hasumiya huɗu, kowa ya ɗaga kai ya yi shiru. In sama ba ta haɗa hadari ba, gidan namun daji na yara yana Asokoro, a gindin Dutsen Aso, za ki iya haɗa shi a yini ɗaya. Mu hadari ne ya kore mu.

Wurin injinan kuwa, to, akwai lilo. Mun sayi irin zaren nan da ake ɗaura wa yaro a hannu wai ya hau komai, mutum biyar. Layi ya cinye rabin lokacin, aka auna tsawon auta aka ce bai kai ba a uku daga cikin abubuwan, ya zauna yana kuka. Kafin la'asar ruwa ya sauko, aka kashe injina gaba ɗaya, kuɗi kuma ba a mayarwa. Ban ga laifinsu a kashewar ba, wuta da ruwa ba a wasa da su, amma a Agusta ruwan Abuja yana da yawa da naci, kuma sau da yawa da yamma yake zuwa. In kina da ɗan shekara goma sha huɗu da ya nace, ki kai shi ranar Talata da safe ki biya kuɗin lilo biyu ko uku da ya zaɓa, kada ki sayi na hannun nan.

Abin da zan roƙe ki kuma, in da mota za ku, kada ki bari yaran su yi barci bayan kun wuce Tafa. Ki ba ɗaya daga cikinsu tsohuwar takardar naira 100 ya riƙe, ya juya bayanta, har Dutsen Zuma ya bayyana gabanku a wajen Madalla. Nawa sai da muka tsaya gefen titi suka gwada takardar da dutsen. Sannan ki gaya musu garin Suleja da ke nan kusa na mutanenmu ne. Da jihadi ya iso Zariya, Sarkin Zazzau Makau ya fita da jama'arsa suka yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Bayan gwamnatin Murtala ta tsayar da maganar sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan aka ba birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe sarautar can Sarkin Zazzau ake ce mata. Gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai Disambar 1991. Ɗana na tsakiya da ya ji haka cewa ya yi ashe gida muka zo, kuma bai yi ƙarya ba. Za ki ji masu cewa ku ƙarasa Gurara ku ga ruwa yana zubowa daga dutse. Da damina ruwan nan haukacewa yake, duwatsun kuma santsi, ni ba zan kai ƙananan yara ba sai rani.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, don an cuci wata maƙwabciyata. Masu tallan "yawon hutu" a Facebook da WhatsApp, waɗanda ke cewa ki tura rabin kuɗi su kama miki masauki da mota da tikitin shiga wurare, ki yi nesa da su. Hotunan ɗakin da suke turowa na wani gida ne daban, ita da ta isa da yara huɗu lambar a kashe take. In ba ki da inda za ki sauka, ki sa wani naki ya je ya ga ɗakin da idonsa kafin ki biya. In jirgin ƙasa za ku hau daga Rigasa, tikiti ki saye shi da kanki da sunanki, kada ki karɓa hannun samarin da ke tare mutane a bakin tasha, don ana duba suna da katin shaida. Ki sauka Kubwa in can ne masaukinki, ba sai kin kai Idu ba. A cikin gari kuma kada ki tare tasi a gefen titi, 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin tasi, ba labari ba ne, ki shiga mota a tasha ko ki kira ta waya. Masu kilishi ma, wanda za su yago miki ki ɗanɗana daban, wanda za su naɗe miki daban. Ki nuna fallen da kike so da yatsa, a yanka a gabanki, a naɗe kina kallo.

Ki fita da wuri, tara ta yi muku a Millennium, kuma ranar aiki ta fi Asabar da Lahadi sakewa. Ki ɗauki kayan canji na yara da lema, da babbar leda ki shimfiɗa ƙarƙashin tabarma, don ciyawar tana riƙe ruwan daren jiya ko da rana ta fito. Allah ya kai ku lafiya, ki gaishe mini da yaran.