Ziyarar gonar gahawa a gindin Kilimanjaro: ra'ayin malamin gona

Ni malamin gona ne a yankin Kura, aikina shinkafa da tumatir. Taron bita ya kai mu Moshi a Tanzaniya, daga nan muka biya kuɗi aka haura da mu wani ƙauye a jikin Kilimanjaro, dutsen nan mai tsayin mita 5,895 da ya daɗe da daina aman wuta. Masu gonar 'yan ƙabilar Chagga ne.

Kuɗina ya halatta tun daga ƙasar gonar. Na damƙo ta, ja-ja mai duhu, ga laushi ga danshi, amma ba ta caɓewa. Tsohon toka da narkakken dutsen da ya rududduge ne, shi ya sa gahawar Arabika, mai son sanyi da tudu, ta karɓi wurin. Ba a shuka ta ita kaɗai. Manyan itatuwa ne a sama, ayaba a ƙarƙashinsu tana ba ta inuwa, gwaza da wake a ƙasa, takin shanun gida kuma yana komawa gonar. Sai na tuna yadda iyayenmu ke haɗa gero, dawa da wake a gindin gawo, abin da yanzu muke ta yi wa kallon tsohon yayi. Ruwa ma ta tsofaffin magudanai yake gangarowa daga dutsen, ba injin ban-ruwa, ba kuɗin mai.

Sun nuna mana aikin daki-daki: jajayen 'ya'ya kaɗai ake tsinka da hannu, a ɓare, a bar ƙwayar ta kwana, a wanke, a shanya. Muka sussuka a turmi, aka sheƙe, aka soya a kan wuta, aka daka, aka dafa. Wallahi ƙamshin ya sha bamban da na gwangwanin da mai shayi ke zuba mana.

Inda suka gaza, an fi tsara abin don masu yawon buɗe ido. Waƙa da tafi a bakin turmi sun cinye lokaci. Da na tambayi nawa manomi ke samu a kilo da yadda suke yaƙar ƙwari, sai mai yi mana jagora ya gaggauta. Dattijon gidan ne ya ja ni gefe ya ba ni labarin ƙungiyar manomansu, KNCU, wadda aka yi wa rajista tun 1933.

Wanda zai je ya sa takalmin da ba ya santsi, ya riƙi rigar sanyi. Ya kuma tambayi abin da aka miƙo masa kafin ya sha, domin suna da giyar ayaba, mbege, da suke tarbar baƙi da ita.