Littafin silaim na yara: wanne ya kamata a saya a nan Yamai?

Iyayen yara da suka kamu da ciwon silaim, wato abin wasan nan mai danƙo da yauƙi da ake haɗawa da kol na manna takarda, saboda bidiyon da suke gani a portabul, kafin ku zuba kuɗi a littafi ku tsaya ku buɗe shafin da aka jera kayan haɗi ku karanta, don wallahi nan ne ake gane littafin da zai yi aiki a gidanku da wanda zai ƙare a ƙarƙashin katifa. Bango mai ƙyalli duk suna da shi.

Wanda aka fi gani, kuma shi yara ke fara miƙa wa hannu, shi ne littafin haɗa silaim zalla, mai hotuna manya manya, kowane shafi da kalarsa, wannan mai kumfa wancan mai ƙyalƙyali. Yana da kyau a ido ba ƙarya. Matsalarsa an rubuta shi ne don yaron da ke Faransa ko Amurka, wanda kol ɗin Cléopâtre ko Elmer's ke nan a butik ɗin unguwarsu, kai kuma za ka zaga Babbar Kasuwa ka gangara Katako kana nuna hoto ana ce ma babu. Ainihin abin da ake so farin kol ne na ruwa mai sinadarin PVA a ciki, na sanda da 'yan lakkol ke sa wa a jaka ba ya yi, kuma don Allah kar wani ya gwada da sufa gulu. Sai abu na biyu, wanda ke sa kol ɗin ya kama jikinsa: borax, ko ruwan wanke gilashin da ake liƙa wa a ƙwayar ido haɗe da bikarbonat. Shi ma sai ka juya kwalbar ka ga an rubuta acide borique ko borate a jiki, in ka je farmasi aka ba ka sérum physiologique to ruwan gishiri ne kawai, ko ka kwana kana juyawa kol zai zauna kol.

Kuma borax ɗin nan ba abin wasa ba ne. A 2018 hukumar ANSES ta Faransa ta ja kunnen iyaye a kan silaim da ake haɗawa a gida, saboda ƙunar fata da ƙaiƙayi da ake samu a hannun yara, musamman masu haɗawa da sabulun wanki na ruwa. A Turai ma an ƙayyade sinadarin boron da abin wasa mai danƙo zai iya saki, kar ya wuce miligiram 300 a kilo. To littafin da ya ce zuba borax ko omo bai ce babba ya tsaya a kai ba, bai ce a wanke hannu ba, ni dai ba zan kai shi gidan da akwai mai rarrafe ba.

Sai na labari mai hoto, inda za ka ga wata yarinya ko yaro mai yawan tambaya ta ɓata kicin tana gwaji, ta kasa ta sake har ta gano. Ga 'yan jardan zuwa CP wannan ya fi dacewa da su, don su ba awo suke nema ba, so suke a zauna a karanta musu su ce a sake. Sau da yawa akwai haɗi guda ɗaya a shafin ƙarshe, ya isa. Abin da nake dubawa a irinsa shi ne ko yarinyar cikin labarin ce ke tunanin da kanta ko wani babba mai farar riga ne ke zuwa ya ba ta amsa, na farkon nake ɗauka. Aibinsa rubutu kaɗan kuɗi da yawa, ɗan CE2 zai cinye shi kafin a sauke tukunya.

Wanda ni na fi so, kuma in kuɗin littafi ɗaya gare ka shi zan ce ka saya, shi ne na gwaje-gwajen kimiyya gaba ɗaya, wanda silaim shafi biyu ko uku ne kawai a cikinsa, sauran kuma ruwa ne da iska da maganaɗisu da haske. Dalili, rabin kayan suna madafa. Garin Maïzena, wato sitacin masara, awo biyu ruwa awo ɗaya, ka sa yaro ya naushe shi ya ji tauri, ya sa yatsa a hankali ya nutse, ba kol ba borax, ko ya lasa ba abin tashin hankali. Littafi mai kyau zai gaya masa me ya sa: in an danna da ƙarfi ƙwayoyin garin na cushewa wuri ɗaya, in an bi a hankali suna samun sararin zamewa. Haka zai bayyana na kol ɗin ma, cewa zaruruwa ne dogaye da ke zamewa kan juna, borax ya zo ya ɗaure su. Yaron da ya fahimci wannan zai shiga kicin ya tambayi mamansa me ya sa ake jefa kanwa a miyar kuɓewa yauƙi ya ƙaru, zai matsa lemun tsami a bisap ya ga ya ƙara ja, ya sa ruwan kanwa ya ga ya juya ya yi duhu duhu wajen kore, kuma duk wannan da kuɗin da bai kai na biskit ba. Daga CE1 har CM2 littafi ɗaya zai bi su, ƙane ya gada wajen wa.

Akwai kuma kwalin nan da ke zuwa da ɗan littafi da kwalabe a ciki. Na kyautar salla ko anibasa ya yi, amma kayan na ƙarewa a yini ɗaya, kuma wanda ya daɗe a shago cikin zafin Afrilu kol ɗinsa ya riga ya daskare, ka girgiza ka ji kafin ka biya. Duba alamar CE, wato tambarin cika ƙa'idar Turai, da shekarun da aka rubuta, in babu ko ɗaya a kwalin ka ajiye.

Maganar harshe kuwa, na Faransanci ya fi sauƙi don awonsa giram da mililita ne, kuma yaro na iya karantawa da kansa. Na Ingilishi da ke shigowa daga Najeriya ta Maradi ko Ƙonni wani lokacin ya fi araha, sai dai in bugun Amurka ne awonsa da kofi ne, kofinsu kusan mililita 240, ba kofin shayi ba. Na Hausa a kan silaim kam ba na sa ran samu a kasuwa, amma a intanet African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara masu hoto da Hausa kyauta, kana iya saukewa ka kai a buga maka a siba, ka haɗa da na gwaje-gwajen.

Kuɗi: littafin Faransa yawanci farashinsa na Yuro na nan a bayan bango, ka ninka da 656, na Yuro 10 ya kama sefa 6.560 kenan, jika shida da rabi da 'yan kai, abin da ya hau kai kuɗin kawowa ne da ribar mai shago, sai ka san inda za ka fara tayi. Masu shimfiɗa tsoffin littattafai a ƙasa bakin titi sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ka zauna ka ƙirga shafuka, irin waɗannan littattafan shafin haɗin ne ake yagewa ko ka tarar kol ya manne shi da na gabansa.

In an haɗa kuma a sa a roba mai murfi, da iskar hunturu silaim da aka bari a buɗe zuwa safe ya bushe ya kwashi ƙura. In ya kama atamfa ku jiƙa wajen da binegar kafin a wanke, yana sakinsa.